Sikirin ɗin wayata ya fashe: in gyara ta ko in sayi wata?

Uwar 'Yan Biyu, Kano:

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar waya, domin yau kwana huɗu ke nan ina juya maganar nan a raina ban tsayar da komai ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ina saukowa daga adaidaita sahu, leda a hannu ɗaya, yaro a ɗaya hannun, sai wayata ta suɓuce ta faɗi a kan kwalta, kuma da kusurwa ta dira. Gilashin kariyar da na manna mata ya tarwatse. Da farko na yi hamdala ina zaton shi kaɗai ne ya tafi, amma da na ɓare shi a gida sai na tarar tsagar ta ratsa gilashin wayar kansa, daga kusurwar ƙasa ta dama har kusan tsakiya. A daren ban ga wata matsala ba ban da tsagar. Da gari ya waye sai ga wani baƙin tabo kamar ɗigon tawada a daidai inda ta bugu, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, yau kuwa ya kai faɗin murfin kwalba, sannan wani siririn layi kore ya fito daga sama har ƙasa.

Wayar Android ce, na saye ta sabuwa a kwali a ƙarshen 2022 a kan naira 165,000. Tana da irin sikirin ɗin da ake kira AMOLED, kuma a jikin sikirin ɗin nake ɗora yatsa in buɗe ta. Ita ce shagona, domin atamfa da leshi da mayafai nake sayarwa daga gida: a WhatsApp nake nuna kaya, a nan masu saye suke zaɓa, a nan nake ganin shigar kuɗi, kuma lissafin waɗanda nake bi bashi duk yana cikinta. Akwai kuma saƙonnin murya na mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, waɗanda ba ni da su a wani wuri.

Na je kasuwa na tambayi masu gyara uku, kowa da tasa maganar. Na farko ya ce sikirin na asali naira 90,000 ne da kuɗin aiki. Na biyu ya ce yana da kwafi mai kyau a kan 32,000, kuma cikin awa ɗaya zai gama. Na uku ya ce in bar su duka, gilashin sama kawai zai cire ya sa wani a kan 18,000. Maigidana yana ganin in sayar da ita a yadda take, in yi ciko in sayi sabuwa, ƙanena kuma yana cewa ya san inda ake samun wayoyin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira na Landan, da sauƙin kuɗi. Abin da ke hannuna wanda zan iya taɓawa ba tare da na karya jari ba bai wuce naira 120,000 ba. Don Allah, wanne ne daidai a cikin waɗannan, kuma me ya sa farashin gyara ɗaya ya bambanta haka?

Mai Gyaran Waya:

Wa'alaikumus salam warahmatullah. Hajiya, Allah ya mayar da alheri, ya kuma ji ƙan Mama. Na fi shekara goma ina wannan sana'a, kuma kafin mu shiga maganar kuɗi akwai abin da nake roƙon ki yi a daren nan, kada ki bari sai gobe: ki kwashe duk abin da ke cikin wayar tun kina iya ganin fuskarta. Wannan baƙin tabon da kika ce yana girma ba zai tsaya ba. Sikirin na AMOLED ba shi da fitila a bayansa, kowane ɗigo a jikinsa shi yake ba da haskensa da kansa, kuma abin da aka yi ɗigon da shi ba ya jure iska da danshi. Da zarar an sami tsaga a rufin da ke kare shi, iska za ta riƙa shiga tana kashe ɗigogin, shi ya sa tabon yake yaɗuwa kamar mai a jikin takarda. Na sha ganin wadda ta ɗauki mako biyu tana lallaɓawa, na kuma ga wadda ta yi baƙi ƙirin cikin dare ɗaya. Wayoyin yanzu kuwa abin da ke cikinsu a kulle yake da lambar sirrin mai waya, ba kamar na da ba da muke jonawa da kwamfuta mu kwashe hotuna kai tsaye. Idan fuskar ta mutu ba ki kwashe ba, sai an sa wani sikirin kafin a kai ga komai.

Ki shiga saitin WhatsApp, sashen hirarraki, ki ajiye kwafin hirar a Google Drive, ki tsaya har ki ga ya kammala. Ki lura cewa tun daga 2024 wannan ajiyar tana cin wuri ne a cikin gigabait 15 ɗin da Google ke bai wa kowa kyauta, saboda haka idan hotunan kaya sun cika wurin ajiyar ba za ta kammala ba, sai ki cire bidiyo daga cikin abin da za a ajiye. Saƙonnin Mama kuma kada ki dogara da hanya ɗaya, ki tura su zuwa wayar maigida, ki kuma tura su zuwa imel ɗinki. Lambobin masu sayen kayanki ki tabbatar a asusun Google suke. Sannan kada ki bari caji ya ƙare wayar ta mutu, domin duk wayar da aka kashe aka kunna ba ta karɓar yatsa sai an fara shigar da lambar sirri, idan kuwa wurin dannawa ya daina aiki a daidai inda lambobin suke, an shiga wahala. Idan hakan ta faru alhali ana ganin fuskar, akwai ɗan abin jonawa da ake kira OTG, ana haɗa shi da linzamin kwamfuta a danna lambobin da shi.

Yanzu ga dalilin bambancin farashi. Abin da muke kira sikirin hawa uku ne a manne da juna: gilashin sama, da shimfiɗar da ke jin taɓawar yatsa wadda muke ce wa tachi, da kuma allon da ke nuna hoto. Mai 18,000 ɗin nan aikin da ya ambata aiki ne na gaskiya, ana yin sa: ana ɗora sikirin a kan faranti mai zafi, a ratsa siririyar waya tsakanin gilashi da allo a raba su, a goge tsohon gam, a manna sabon gilashi a cikin injin da ke zuƙe iska. Amma wannan aikin na wayar da gilashinta kaɗai ya fashe ne, hoto yana fita tsaf, tachi yana aiki ko'ina. Taki ta wuce nan. Tabo da koren layi shaida ce cewa allon ciki ya taɓu, ko an sa sabon gilashi tabon yana nan kuma zai ci gaba da girma. Ko dai bai duba wayar da kyau ba, ko kuma bai gaya miki gaskiya ba, kowanne ne dai ki cire wannan daga lissafi.

Mai 32,000 kuma ki koma ki yi masa tambaya guda: wannan kwafin OLED ne ko LCD? OLED shi ne dangin AMOLED ɗin da wayarki ta zo da shi, LCD kuwa wani nau'in allo ne daban. A wannan farashin, ina kyautata zaton LCD ne, irin wanda muke kira insel, wanda aka yanka daidai girman wayarki. Zai nuna hoto, zai yi tachi, amma ga abin da za ki tarar. Ya fi na asali kauri, saboda haka sau da yawa yakan ɗan ɗago daga jikin wayar, gefensa ya zama shi ne farkon abin da zai bugi ƙasa. Yana da fitila a baya wadda take kunne muddin fuskar tana kunne, ke nan zai fi cin batir. A rana haskensa ba ya kai na asali. Na'urar karanta yatsa da ke ƙarƙashin sikirin kuwa tana aiki ne ta cikin allon OLED, idan aka sa LCD ta daina aiki ke nan, sai dai lambar sirri. Abin da ya fi damuna a naki lamarin shi ne launi. Ke mai sayar da atamfa ce, idan allonki yana nuna ruwan goro kamar ruwan ƙasa, ko shuɗi ya koma bula, za ki riƙa ɗaukar hoto kina turawa ba ki san ainihin abin da mai saye yake gani ba. Ga wanda kira da karanta saƙo kawai yake yi, ni da kaina nakan ce ya sa insel ya huta. Ga mai sana'a irin taki, araha ba ta ado.

Akwai matakai a tsakani da ba su gaya miki ba. Akwai kwafin OLED, wanda ya fi insel tsada amma bai kai na kamfani ba, kuma a wasu wayoyin yatsa yana aiki da shi. Akwai wanda aka ciro daga jikin wata wayar da injinta ya mutu, wanda 'yan kasuwa ke kira folo-kom, shi na asali ne amma ya yi aiki, sai an duba ko hoton wani abu ya ƙone ya zauna a jikinsa. Sannan akwai sabo na kamfani, wanda galibi yake zuwa haɗe da firam ɗinsa, wato gefen wayar da yake zama a ciki. Mafi yawan kayan nan daga China ake shigo da su, da dala ake saye, kuma kowa ya san abin da ya faru tun watan Yunin 2023 da aka saki darajar naira: dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Shi ya sa 90,000 ta yi miki kama da fiye da rabin kuɗin wayar. Amma kada ki auna ta da abin da kika biya a 2022, ki je ki tambayi nawa ake sayar da sabuwar waya mai irin wannan allon da irin wannan kyamarar a yau, da wannan za ki auna.

Tsohon Ma'aikacin Banki, Kaduna:

'Yata, Allah ya tsare gaba. Malam mai gyara ya yi bayanin da ba ni da abin ƙarawa a kansa ta fuskar aiki, ni ta wajen amana zan yi magana, domin na yi shekaru ina zaune a teburin da mutane ke zuwa suna kuka an kwashe musu kuɗi, kuma abin ya taɓa shigowa har cikin gidana. Uwargidana ta taɓa kai wayarta gyaran sikirin, yaron shagon ya ce sai ta ba shi lambar buɗewa don ya gwada aikinsa, ya kuma ce ta dawo washegari. Ta bar wayar da layinta a ciki. Bayan kwana biyu muka tarar an sayi katin waya daga asusunta har sau da dama, an kuma karɓi bashi da sunanta a wata manhajar ba da lamuni. Kuɗin ba su kai ɓacin ran da zirga-zirgar da muka sha ba.

Mutane da yawa ba su gane cewa layin waya a yau mabuɗin asusun banki ne. Ta kansa ake turo lambar tabbatarwa, ta kansa ake tura kuɗi ba tare da intanet ba, kuma wanda ya riƙe layin da kika yi rajistar BVN da shi yana iya danna *565*0# lambar ta fito masa. Tun da hukumar NCC ta wajabta haɗa layi da lambar NIN a watan Disambar 2020, layin ya zama wani ɓangare na shaidar mutum, duk abin da aka aikata da shi sunanki zai fito. Saboda haka kafin ki miƙa wayar ki zare layukanki da katin memori ki sa a jaka. Ki kuma sa wa layin kansa lambar sirri a cikin saiti, amma ki yi hattara: idan aka yi kuskure sau uku zai kulle ya nemi lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo a ciki, don haka ki nemo katin kafin ki fara.

Canjin sikirin ba aikin kwana ba ne idan kayan suna nan. Ki zauna a yi a gabanki, ko ki tura ƙanen naki ya zauna, kuma idan an zo gwaji ke za ki buɗe wayar da hannunki. Mai gyaran kirki ba ya jin haushin wannan. Wasu wayoyin ma suna da tsarin da aka yi musamman domin irin wannan rana: Samsung ta fito da shi a 2022, idan aka kunna shi mai gyara zai iya gwada komai amma ba zai ga hoto ko saƙo ko manhajar banki ba, sai mai waya ya dawo ya buɗe. Ki duba saitin taki ko tana da makamancinsa. In ba ta da shi, ki fita daga manhajojin banki, ki kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wadda ake sa wa lamba shida. Ke mace ce mai iyali, hotunan gida ma amana ne, ba kuɗi kaɗai ba. Daga ƙarshe ki karɓi rasit da aka rubuta irin sikirin ɗin da aka sa da kwanakin da aka ba ki na garanti, ki kuma ce a ba ki tsohon da aka cire.

Malamin Kwamfuta, Zariya:

Hajiya, sannu da wannan asara. Ina girmama bayanin Malam mai gyara, amma ina so in kawo ɗaya ɓangaren, domin ina ganin maganar maigidanki tana da tushe. Sikirin ba shi kaɗai ne yake tsufa a waya ba. Batirin lithiyam yana raguwa da yawan caji, kamfanin Apple da kansa ya ce batirin wayoyinsa har zuwa iPhone 14 an tsara shi ne ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, kuma na sauran kamfanoni ma haka suke raguwa. Wadda take kasuwanci da waya tun safe har dare ta daɗe da wuce wannan adadin, balle a ƙasarmu da zafin bazara yake haura digiri 40, ga caji da janareta da wutar da ba ta da tsayayyen ƙarfi. Idan kika zuba 90,000 a sikirin yau, bayan wata uku batir ya nemi canji, bayan nan wurin caji ya fara wasa, za ki wayi gari kin kashe kuɗin sabuwar waya a kan tsohuwa.

Abu na biyu shi ne sabunta tsaro. Kowace waya tana da adadin shekarun da kamfaninta zai ci gaba da turo mata gyaran manhaja. Manyan wayoyi irin Pixel 8 da Galaxy S24 an yi musu alƙawarin shekara bakwai, amma matsakaita da ƙanana da yawa ba sa samun ko kusa da haka. Ki shiga saiti, wajen bayanin waya, ki duba ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Idan ta daɗe da tsayawa, to wayar da kuɗin jama'a ke ratsawa ta cikinta tana zaune ne ba a toshe mata sababbin ɓarakar da ake ganowa. Akwai kuma buɗewar da za a yi mata: gam ɗin da kamfani ya rufe ta da shi ba a cika mayar da irinsa a kasuwa ba, ƙurar hunturu da ruwan damina za su fi samun hanya.

Inda ban yarda da ƙanenki ba shi ne batun ta Landan. Da yawansu an riga an canza musu sikirin ko batir kafin su iso hannun mai saye, sai ki gudu daga kwafi ki faɗa kan kwafin da ba a gaya miki ba. A iPhone aƙalla ana iya dubawa, domin tun daga zubin manhajarta na iOS 15.2 akwai wurin da yake nuna tarihin kayan da aka canza, amma a yawancin wayoyin Android sai ido da ƙwarewa. Ga kuma haɗarin sayen ta sata, wadda idan aka bi sawunta a hannunki za a same ta. Duk wanda zai sayi ta hannu ya danna *#06# ya ga lambar shaidar wayar, wato IMEI mai lamba 15, ya tabbatar an rubuta ta a rasit tare da sunan shagon, ya kuma tabbatar an cire asusun tsohon mai ita. Ni dai a ganina, idan kuɗin gyara ya kusa rabin kuɗin sabuwar da za ta biya miki buƙata, sabuwa mai garanti ta fi kwanciyar rai. In kuma kin yanke sayar da wannan, ki fara cire asusunki na Google sannan ki goge ta gaba ɗaya tun fuskar tana nunawa.

Uwar 'Yan Biyu, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam mai gyara, na bi maganarka a daren jiya, ajiyar ta ƙi kammaluwa sai da na cire bidiyo kamar yadda ka ce, kuma saƙonnin Mama yanzu suna wuri uku. Baba na Kaduna, wallahi ban taɓa sanin ana sa wa layi lambar sirri ba, na nemo katin na yi. Na kuma je kasuwa da safe na yi tambayar da aka ce in yi. Mai 32,000 ya amsa cewa insel ne, ya ce yatsa ba zai yi aiki ba, abin da bai faɗa mini ba a zuwan farko. Sabuwar waya mai irin allon tawa da irin kyamararta kuwa, mafi sauƙin da na gani ta haura naira 300,000. Wadda kuɗina za su iya saye na riƙe ta na ɗauki hoton wani leshi da ita, launin bai fito kamar yadda tawa take fitarwa ba, kuma wurin ajiyarta rabin na tawa ne.

Malam na Zariya, na duba abin da ka ce, sabuntawar tsaro ta ƙarshe ta watannin baya kaɗan ce, ke nan har yanzu ana turo mata. Batirin yana kai ni daga safe zuwa la'asar idan ina aiki sosai, da can kuwa yana kai ni dare. Zuciyata ta fi karkata ga gyara da na asali, sai dai ina tsoron in biya kuɗin na asali a sa mini kwafi, tunda ni ba zan iya bambancewa a cikin leda ba. Yaya zan gane?

Mai Gyaran Waya:

Hajiya, maganar Malam na Zariya a kan batir gaskiya ce, kuma ita ce za ki fara dubawa kafin a ɓare ledar sabon sikirin. Idan aka buɗe wayar ki ce a nuna miki batirin. In ya kumbura ko kaɗan, dole a canza shi a lokacin, domin batiri mai kumburi yana tura sikirin daga ciki har ya fasa shi, ga haɗarin kama wuta. Ko bai kumbura ba, tunda ya ragu haka kuma kuɗinki za su kai, ki canza shi a buɗewa ɗaya, ya fi a sake ɗaga wayar bayan wata uku. A kuma duba kusurwar da ta bugi ƙasa: idan firam ɗin ya lanƙwashe, sabon sikirin ba zai zauna daidai ba kuma zai sake tsagewa da ɗan matsi, shi ya sa na fi son wanda ya zo da firam ɗinsa.

Hanyar da ta fi tsaro ita ce cibiyar gyara ta kamfanin wayar, idan akwai ta kusa da ke. Masu Tecno da Infinix da itel, alal misali, Carlcare ce tasu, sauran manyan kamfanoni ma suna da wakilan da suka amince da su. Garanti ba ya ɗaukar fashewar da faɗuwa ta jawo, za ki biya, amma ki tambayi farashinsu ki kwatanta da 90,000 ɗin, wani lokacin tazarar ba ta da yawa. In kuma a kasuwa za ki yi, ki sa sharaɗi tun farko cewa za a jona sikirin a gwada kafin a sa gam, domin da zarar an manna shi dila ba ya karɓar sa. A gwajin ki buɗe hoto baƙi ƙirin a wuri mai duhu, ko ki rufa da mayafinki: idan OLED ne fuskar za ta zama kamar a kashe take, idan LCD ne za ki ga haske yana ɓullowa ta baya, musamman a gefe-gefe. Ki buɗe farar fuska ki duba ko akwai tabo ko inuwar tsohon rubutu. Ki danne alamar wata manhaja ki ja ta ko'ina a fuskar har kusurwoyi huɗu, idan ta suɓuce a wani wuri tachi ya mutu a nan. Ki goge tsohon yatsanki ki sake yin rajistarsa, ki gwada sau goma. Ki kira wani ki kara wayar a kunne ki ga ko fuskar tana mutuwa da kanta. Idan Samsung ce, *#0*# yana buɗe shafin gwajin launuka da tachi gaba ɗaya.

Ki kuma tafi da atamfa guda wadda kika san launinta sosai, da hotonta da kika ɗauka tun kafin wayar ta faɗi, ki buɗe hoton a sabon sikirin ki ajiye atamfar kusa da shi a hasken rana. Idonki a kan launi ya fi nawa. Bayan an manna, ki bar robar da za a ɗaure wayar da ita na 'yan awanni har gam ya kama, kada ki sa ta a cajin da zai sa ta yi zafi a wannan lokacin, sannan ki sa gilashin kariya da riga mai kaurin kusurwa tun kafin ki bar shagon. Kafin ranar da za ki je kuma, ki manna faffaɗan salatif mai haske a kan tsagar saboda yatsun yaran.